A gwanjon intanet babu "albarka"

Wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan fata a Kasuwar Kurmi ta Kano ya aiko da tambaya. Ya ce ƙanensa da ke Amurka ya sanya masa jakar fata ɗinkin hannu a gwanjon eBay, wani shafin saye da sayarwa na intanet. Sun buɗe tayi da dala 1 don jawo mutane, kwana bakwai suka cika, aka tashi a dala 12, alhali jakar da kuɗin aikenta sun ci kusan dala 40. Yana tambaya: ya haƙura da harkar, ko akwai inda ya kuskure?

Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Na ji zafin wannan faɗuwa, domin na san kwanakin da baduku ke yi a kan jaka guda. Amma kada ka haƙura tukuna. Jakarka ba ta da laifi, hanyar da aka bi da ita ce ba tata ba.

A Kurmi idan mutum ya taya maka kaya da wulaƙanci, kalma ɗaya ce: albarka. Ya ƙara ko ya wuce. A gwanjon intanet ba ka da wannan bakin. Farashin da ka buɗe da shi tamkar ka ce "na sallama" ne tun kafin mai saye ya iso. In mutum ɗaya kaɗai ya taya, a dala 1 ɗin zai ɗauka, kuma dole ka aika masa. Abin da ke ɗaga farashi a gwanjo shi ne mutum biyu su nace a kan abu ɗaya, kowa na tsoron in ya kuɓuce masa ba zai sake samun irinsa ba. Kayan farko da aka sayar a eBay a 1995 wata 'yar fitilar laser ce ta nuna abu, wadda ta lalace, ta tashi a dala 14.83, saboda an dace da wanda yake neman irinta. To jakarka fa? Mai saye ya san in ta wuce, gobe akwai wata. Me zai sa ya yi rige-rige? Shi ya sa yau mafi yawan cinikin eBay ɗin ma da tsayayyen farashi ake yi, gwanjo ya fi karɓar abin da ba a samu ko'ina, irin tsohon agogo ko tsofaffin kuɗi.

Shawarata, sauran jakunkunan ka sa musu farashinka, ka buɗe damar da mai saye zai taya, ka karɓa ko ka ƙi. Ka ga albarkarka ta dawo hannunka ke nan. In kuma ranka na son gwanjon, buɗe shi da kuɗin da ko a nan aka tsaya ba za ka yi da-na-sani ba. Akwai tsarin ɓoye mafi ƙarancin farashin da za ka yarda da shi, amma ana biyan kuɗi a kansa ko kaya bai fita ba, ban cika son sa ga mai farawa ba.

Kafin ka rubuta kowane farashi, zauna da biro. Uwar kuɗi, kuɗin aike daga Kano, kwali, sannan la'adar eBay, wadda a Amurka ta ɗan haura kashi 13 cikin ɗari a yawancin kaya, kuma har kuɗin aiken da mai saye ya biya ana cire ta a kai. Nan ne masu farawa suka fi ƙonewa. Aika jaka ɗaya-ɗaya yana cinye riba, gara ka tara goma ka tura wa ƙanenka a tafi guda. Sabon mai sayarwa kuma akan riƙe masa kuɗi na 'yan kwanaki, kada ka yi wa baduku alkawari da su.

Ka kula da lokacin rufewa, domin gwanayen saye sai daƙiƙun ƙarshe suke tayawa. La'asar ɗin Kano hantsi ne a New York, mutane na wurin aiki. Ƙanenka ya saita ta rufe da darensu.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi damuna da kayanmu na fata: mai saye ba zai taɓa ba, ba zai shinshina ba. Ka ɗauki hoto a hasken rana, ciki da waje, da tef ɗin tela a shimfiɗe a kan jakar, awon kuma da inci. In akwai tabo a gindi, nuna shi da yatsa. Ka rubuta cewa jimar gargajiya ce da bagaruwa, tana da ƙanshinta. Wanda ya karɓi kaya ya ga ba yadda aka siffanta ba yana da kwana 30 ya mayar, kuɗin dawowar kuma a wuyanka. Ka gwada da jaka uku a kan wannan tsari, ka rubuto mini yadda ta kaya.