Gidaje masu sauƙin kuɗi a gefen Gombe: da gaske ne ƙaramar hukuma ba ta da ta cewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne, ina zaune a wata unguwa da ke gefen birnin Gombe. An karɓi gonakin wasu maƙwabtanmu ana gina rukunin gidaje da aka ce na masu ƙaramin ƙarfi ne. A daminar bara ruwan da ya gangaro daga wurin ya shiga gidajenmu, bulon da ake ginin da shi kuwa da hannu ma kana iya marmashe shi. Yanzu kuma muna jin wai an riga an raba gidajen tun ba a sa rufi ba. Mun je wurin kansilanmu, ya ce aikin na sama ne, ba huruminsu ba ne. Shin haka doka ta ce? Idan haka ne, wa za mu kai wa kuka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri da ka yi tambayar tun ana kan aiki, domin tun ran gini ran zane. Na yi shekaru ina aikin tsara birane, kuma wannan magana ta "ba huruminmu ba ne" na ji ta har ba adadi. Kansilanku ya faɗi gaskiya a kan abu ɗaya cikin abubuwan da ka lissafa. A kan sauran kuwa, ko dai bai san aikinsa ba, ko yana gudun ɓacin ran na sama da shi.

Inda ya yi gaskiya shi ne ingancin ginin kansa. Gidajen gwamnati irin waɗannan kusan kullum daga Abuja ko daga gidan gwamnatin jiha suke fitowa. Misali, gidaje 250 na shirin Renewed Hope da aka aza harsashinsu a Gombe a 2024 na Ma'aikatar Gidaje ta Tarayya ne, haka kuma gidaje 2,500 da gwamnatin Bauchi ta rarraba a masarautu shida da jihar ke da su a lokacin aikin jiha ne da kuɗin asusun Family Homes Funds. Wanda ya ba da kwangila shi ke da injiniyan da zai duba aiki ya sa hannu kafin a biya ɗan kwangila. Ba da izinin gini ma ba ya hannun ciyaman. Dokar tsara birane ta 1992 ta so a kafa hukumar tsare-tsare a kowace ƙaramar hukuma, amma a 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da Legas ta shigar da gwamnatin tarayya, ta ce tsara gari hurumin jihohi ne. A Gombe hukumar tsara birane ta jiha, GOSUPDA, ce ke duba taswirar gini, GOGIS kuma ke riƙe da bayanan filaye da takardun mallaka. Saboda haka ciyaman ba shi da ikon ya je ya shafa jan fenti a bango ya tsayar da aiki don bulo ya yi yashi da yawa.

To amma wanda ba shi da ikon tsayarwa yana da bakin faɗa. Kowace ƙaramar hukuma tana da sashen ayyuka, da ma'aikatan da suka san siminti da rodi. Ba abin da zai hana shugaban sashen ya je ya gani, ya rubuta rahoto, ciyaman ya aika wa ma'aikatar da ta ba da aikin a kan takardar ofis. Wasiƙar ciyaman mai lamba da kwanan wata ta fi koken mutum ɗari da baki nauyi, domin dole ta shiga fayil, kuma ranar da katanga ta faɗi wani zai amsa tambayar me ya sa bai ɗauki mataki ba. A yawancin kwangilolin gwamnati akan riƙe kashi 5 cikin 100 na kuɗin har sai an yi wata shida da miƙa aiki, don a tilasta wa ɗan kwangila gyara abin da ya lalace. Idan ba wanda ya rubuta cewa akwai aibi, kuɗin nan salin alin za a sakar masa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a wannan lamari ƙaramar hukuma ce mai ɗakin.

Yanzu maganar gonaki, wadda ita ce ta fi ci mini rai, don a nan ne talaka ya fi cutuwa cikin shiru. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa duk ƙasar jiha amana a hannun gwamna, amma ta raba kula da ita gida biyu. Ƙasar da gwamna ya ayyana a matsayin birni tana ƙarƙashinsa kai tsaye. Wadda ke wajen wannan iyaka ƙaramar hukuma ce ke kula da ita, ita ke ba da takardar mallaka ta gargajiya don noma ko zama, har hekta 500 ta noma ba tare da neman amincewar gwamna ba. Don haka abu na farko da za ku bincika shi ne: gonakin nan suna cikin iyakar birni da aka ayyana ko suna waje? Wannan tambaya tana da muhimmanci a Gombe fiye da wurare da yawa, saboda garin ya daɗe da tumbatsa ya wuce ƙaramar hukumar Gombe. Mutumin Tumfure yana ganin kansa ɗan birni, alhali a takarda ɗan Akko ne, sakatariyarsa tana can Kumo. Haka gari ya miƙa ta ɓangaren Kwami da Yamaltu-Deba. Iyakar ƙaramar hukuma daban, iyakar "birni" ta dokar ƙasa daban, kuma a tsakanin biyun ne ake yi wa mutane wasa da hankali, kowane ofis ya ce je ka wancan. A ofishin GOGIS ne za ku nemi a nuna muku inda layin ya bi.

Ko ta wane gefen layin gonar ta faɗa, doka ta yarda a karɓi fili don amfanin jama'a, amma da sharuɗɗa. Dole a ba mai wurin sanarwa a rubuce. Dole a biya shi diyyar abin da ke kan ƙasar: amfanin gona, itatuwa, rijiya, gini. Mutane da yawa kan yi mamaki idan aka ce musu ita ƙasar tsurarta ba a biyan kuɗinta, amma haka dokar take, kuma ni kaina ina ganin wannan gefe nata bai yi wa manomi adalci ba, musamman wanda gonarsa ta koma fulotai masu tsada. Sai dai akwai wani sashe da ba a cika karanta wa manoma ba. Sashe na 6 ya ce idan aka soke mallakar gargajiya a kan filin da ake nomawa, wajibi ne ƙaramar hukuma ta ba mai shi wani filin da zai ci gaba da noma. Ka ga wannan kai tsaye aikin su kansila ne. Idan kuma gardama ta tashi a kan yawan diyya, sashe na 30 ya ce a kai ta gaban kwamitin rabon filaye na jiha. Ka gaya wa maƙwabtanka kada kowa ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba, kuma a ƙirga itatuwa a gaban mai unguwa da dagaci, kowa ya riƙe kwafinsa. Idan maganar ta yi tsanani su haɗa kuɗi su ga lauya ɗaya tare.

Batun ruwa kuwa babu wata kwana a cikinsa. Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya jera ayyukan ƙaramar hukuma, a ciki har da ginawa da gyaran hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa, kwashe shara da ƙazanta, raɗa wa tituna suna da ba gidaje lamba, da ƙiyasta harajin gidaje. Ranar da ɗan kwangila ya kwashe kayansa ya tafi, lambatun da ya cushe da bolar da ta taru wuyan wa za su hau? Wanda zai gaji wahalar yana da haƙƙin ya ga zanen tun farko.

Duk wanda ya zauna a Gombe ya san halin ƙasarmu. Garin a cikin kwari yake, ƙasar yashi ce mai saurin zubewa, ruwa kuma daga tudu yake gangarowa da ƙarfi. Manyan kwarurrukan da suka ci gidaje a wajajen Malam Inna da bayan kwalejin ilimi ta tarayya, wato FCE, waɗanda sai da tallafin Bankin Duniya aka iya tunkararsu, da ƙananan hanyoyin ruwa suka fara. Gona tana shan ruwan sama. Idan aka share ta aka shimfiɗa kwano da siminti a kan gidaje ɗari biyu, ruwan da ƙasa ke shanyewa a da zai taru ya nemi hanya, kuma hanyar ita ce unguwar da ke ƙasa da wurin, wato taku. Mai zane na gari ba ya tsayar da magudana a bakin katangar rukunin gidaje, yana bin ta har inda za ta zube lafiya. Ku nemi a nuna muku inda babbar magudanar za ta ƙare. Idan amsar ita ce "za a yi daga baya", ku sani ba ta cikin kwangilar. Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta cikakken nazari ga rukunin gidajen da ya kai hekta 50. Yawancin namu ba su kai haka ba, shi ya sa idon na kusa ya zama dole.

Na tuna gidajen lokos na zamanin Shugaba Shehu Shagari, daga 1979 zuwa 1983. An tsara gina gidaje 2,000 a kowace jiha duk shekara, amma abin da aka kammala bai kai rabin haka ba, kuma da yawa an kai su bayan gari inda babu ruwa babu hanya, suka yi shekaru jemagu ne a ciki. Daga Legas aka zana su, ba a tambayi masu gari ba.

Saura rabon gidaje. Ban ga takardun aikinku ba, don haka jita-jitar za ta iya zama gaskiya, za ta iya zama ƙarya. Abin da na sani shi ne gidan gwamnati mai "sauƙin kuɗi" sayarwa ake yi, kuma kowane shiri yana da fom da ƙa'idoji. Na tarayya na yanzu ta intanet ake nema. A matsayinka na ma'aikaci, ƙofarka ita ce Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, inda ake cire kashi 2.5 cikin 100 na albashi, bankin lamunin gidaje na tarayya, FMBN, kuma ya ba da rance a kan kuɗin ruwa kashi 6 cikin 100 har tsawon shekara 30. Ka yi lissafi da kanka: rancen naira miliyan 5 a kan wannan tsari yana cin kusan naira 30,000 duk wata, kuma banki ba ya yarda biyan ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi. Mai ɗaukar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ke nan ko miliyan 4 ba zai samu ba. Shi ya sa gidajen da aka gina da sunan talaka sukan ƙare a hannun mai kuɗin da zai biya nan take ya zuba 'yan haya. Na san kuma akwai 'yan'uwa da yawa da kuɗin ruwa ke hana su shiga, to su tambayi bankin tsarin haya da ke ƙarewa da mallaka, su kai sharuɗɗan wurin malaminsu ya duba.

A nan ma ƙaramar hukuma tana da abin yi. Albashin malaman firamare da ma'aikatan asibitocin shan magani daga kasonta yake fita, ta san waye ma'aikacin gaske, masu unguwanninta sun san waye ke zaman haya da 'ya'ya takwas a ɗaki biyu. Majalisar kansiloli za ta iya zartar da ƙuduri tana neman a ware wani kaso ga mazauna yankin da waɗanda aka karɓi gonakinsu, a kuma manna sunayen waɗanda suka samu a allon sakatariya kowa ya gani. Kai kuma ka duba takardar albashinka: idan ana cire maka kuɗin asusun, ka je ofishin bankin ka tabbatar kana da lamba kuma kuɗin na shiga.

Uzurin da ƙananan hukumomi suka saba kawowa shi ne ba su da kuɗi, komai na asusun haɗin gwiwa da jiha. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura musu kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta shugabancin kantomomi. Aiwatar da hukuncin yana tafiyar hawainiya, amma rubuta wasiƙa da kiran taro ba sa buƙatar kason Abuja.

Ga yadda zan yi da ni ne kai. Ku fara da allon kwangila da ke bakin aikin, ku ɗauki hotonsa, a nan za ku ga ma'aikatar da ta ba da aiki da kamfanin da ke yi. Ku haɗu a matsayin ƙungiyar unguwa, ku sa mai unguwa da limami a gaba, ku rubuta takarda ɗaya zuwa ga ciyaman ta hannun kansila, kwafi ga hakimi, da GOSUPDA, da ma'aikatar da sunanta ke kan allon. Ku haɗa da hotunan ambaliyar bara da na bulon. Kada ku zagi kowa, kada ku ce wane ya ci kuɗi alhali ba ku da shaida. Ku nemi abu uku: a zo a duba magudana tare da ku, a gwada bulon, a bayyana ƙa'idar rabo. Ku tabbata an buga muku hatimin karɓa a kwafinku. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ofishin gwamnati kwana 7 ya amsa buƙatar bayani, ku ambace ta a cikin takardar. Idan aka yi shiru, Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a tana da ofis a Gombe kuma ba a biyan ko sisi, idan kuma kun ga alamar an karɓi kuɗi ba a yi aiki ba, hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC tana bibiyar ayyukan gwamnati tun 2019.

Ku yi wannan a cikin rani, Malam, tun ɗan kwangila yana wurin da injinansa kuma bai karɓi cikon kuɗinsa ba. Allah ya kiyaye ku da iyalanku daga ruwan bana.