Tambaya da Amsa: Ina son gama maraton ƙasa da awa 4, yaya zan tsara shekarata a Damagaram?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya da iyali, ya sanyi? Ni malamin lakkol ne nan Damagaram, ina zaune Garin Malam, shekaruna sun kusa arba'in. Gudu nake yi don sha'awa kawai ba don neman kuɗi ba, kuma Fabrairun da ya wuce Allah ya nufa na je Legas na yi maraton ɗina na farko, na gama cikin awa 4 da minti 50 amma wallahi tun daga kilomita 32 tafiya na dinga yi, ƙafafun sun ƙi gaba ɗaya. To yanzu da sabuwar shekara ta kama na ɗau niyya uku, in dinga gudu kullum ba fashi, in rage tumbi, sannan in koma Legas in gama ƙasa da awa 4. Na bana kam ba zan je ba saboda halin aljihu, sai na baɗi in Allah ya kai mu. Na sauke wani tsari a waya ya ce in huta Disamba da Janairu sai in fara horo mai tsanani daga Maris, shi zan bi ko yaya? Na gode.

Mai karatunku, daga Garin Malam

AMSA

Wa alaikumus salam Malam, sanyi alhamdulillahi. Barka da gama kilomita 42 da mita 195, ko da tafiya aka ƙarasa an dai ƙarasa, Allah ya ƙara lafiya.

Dan Allah kar ka bi wannan tsarin. Wanda ya rubuta shi yana zaune ne inda Disamba da Janairu ƙanƙara ke rufe hanya rana ta faɗi da wuri, kuma manyan gasanninsu an ajiye su lokacin da garinsu ke da daɗi, Boston da London a Afrilu, Berlin a Satumba, Chicago a Oktoba, New York a Nuwamba, to shi ya sa hutunsu ya faɗo hunturu. Mu nan abin a juye yake. A Janairu in ka fito bayan sallar asuba za ka tarar da digiri 14 ko 15, wannan shi ne mafi kyawun lokacin gudu da muke samu duk shekara, amma Afrilu da Mayu da rana sai a haura 40 kuma ko da asuba ɗin ma bango bai gama hucewa ba. Wato tsarin nan ya ce ka kwanta lokacin da ya kamata ka yi aiki, ka tashi aiki lokacin da zafi ke kwantar da mutane a likita. Naka lokacin sassautawa shi ne azumi da bazara, kuma duk sauran abin da zan faɗa maka a kan wannan ya tsaya.

Daga yanzu zuwa kamawar azumi ka ci moriyar sanyin nan. Kwana huɗu a mako sun isa, uku gajeru na kilomita 6 zuwa 10, ɗaya dogo ranar da ba ka da aji, kuma kusan dukkansu a hankali, irin gudun da in da aboki a gefenka za ku iya hira ba tare da haki ya katse maka magana ba. Na san da yawa cikin samarinmu suna ganin in ba a dawo gida ana jan ƙafa ba kamar ba a yi komai ba, alhali manyan 'yan gudun Kenya da Habasha mafi yawan kilomitocin da suke yi a mako masu sauƙi ne, masu horarwa kan ce kamar kashi 80 cikin 100. Gudun nan mai sauƙi shi ke ƙarfafa zuciya, ya ƙara ƙananan hanyoyin jini a cikin tsoka, ya koya wa jiki ƙona kitse maimakon ya dogara da sukari kaɗai. Ƙari kuma kaɗan-kaɗan, kar ya wuce kamar kashi 10 cikin 100 na makon da ya gabata, duk mako na huɗu ka rage ka bar jiki ya huta. Numfashi yana saurin sabawa amma agara da ƙashi suna da nawa, shi ya sa mutum zai ji yana da ƙarfi ya ƙara da yawa sai kawai ƙwauri ko gwiwa su kama ciwo.

Sai dai hunturunmu yana da tasa matsalar, ƙura. Ranar da ka tashi ka ga hazo ya rufe gari har ba ka hango duwatsun Birni da kyau, ka haƙura da gudun waje, ba rashin himma ba ne, mai gudu yana shaƙar iska ninkin-ba-ninkin na mai zaune kuma ta baki yake shaƙa, duk ƙurar nan ƙirji take sauka. In kana da asma ko tari mai dawowa to ka ma fi kowa kiyayewa.

Maganar gudu kullum ba fashi, ni dai ban goyi baya ba. Jiki ba lokacin gudu yake ginuwa ba, lokacin hutu da barci ne yake gyara abin da gudun ya taɓa, kuma mai shekara kusan arba'in da ke wuni tsaye gaban allo yana buƙatar kwana biyu ko uku a mako da ba zai buga ƙafa a kwalta ba. In kana son niyyar da za ka dinga duba kanka da ita, ka sa ta zama a ƙarshen shekara makonni nawa ka fita sau uku ko huɗu ba tare da rauni ya zaunar da kai ba. Wannan tana hannunka. Lokacin da za ka gama da shi ranar gasa kuwa ba ya hannunka kai kaɗai, akwai zafi a ciki, akwai ciki da zai iya ɓaci, akwai gajiyar mota daga nan zuwa Kano zuwa Legas.

In azumi ya kama, ka sauke nauyi. Minti 30 zuwa 40 a hankali bayan an sha ruwa abinci ya faɗa, ko bayan asham, sau uku a mako, shi ke nan. Wasu kan fita dab da magariba don su dawo su tarar da buɗa-baki, a ƙarshen hunturu ana iya yi in gajere ne, amma da zarar zafi ya shigo ban ba da shawara ba. Kuma ka tuna azumi yana matsowa baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara, a 'yan shekarun nan yana kewayen Fabrairu da Maris ne, ita kuma gasar Legas tun da aka fara ta a 2016 a Fabrairu aka saba yi, to ka duba kalanda da kyau kafin ka yi rajista ka tara kuɗin mota, kar ka wayi gari ranar gasa ta faɗo cikin watan.

Bazara kuma nan ne za ka yi aikin da 'yan gudu suka fi rainawa, wato ƙarfafa jiki. Ba sai ka je wani wuri ka biya kuɗi ba, tsakar gida ta isa: tsugunna-tashi, hawa da sauka a kan dakali da ƙafa ɗaya, ɗaga dunduniya ka tsaya kan yatsu, kwanciya rub-da-ciki ka dogara da gwiwar hannu ka riƙe jiki a miƙe na rabin minti, in sun yi sauƙi ka ɗauki bidon mai ruwa a hannu. Sau biyu a mako, minti 25. Ƙafafun da suka ƙi maka a kilomita 32 wani ɓangare na maganinsu yana nan. Gudu kuma ya zama da asuba kawai, kafin ƙarfe 7 ka dawo, kuma ka yarda cewa saurinka zai ragu, ba lalacewa ka yi ba, jini ne ya rabu biyu wani na zuwa tsoka wani na zuwa fata don sanyaya jiki. Ka auna nauyinka kafin ka fita da bayan ka dawo, duk kilo ɗaya da ya ragu kamar litar ruwa ɗaya ce ta fita. Mu da muka san wahalar ruwa a garin nan, ka tanadi naka tun da dare kar ka dogara da famfo da safe. In ka ji jiri, ko sanyi-sanyi da tsigar jiki cikin zafi, ko kanka ya fara rikicewa, ka tsaya nan take ka nemi inuwa a zuba maka ruwa. Sannan ina roƙonka kafin bazara ka je likita a duba maka hawan jini a kuma gwada jininka na sikila, domin mai AS, wato wanda ya gaji sikila daga ɗaya cikin iyayensa kawai, yana iya rayuwa lafiya lau bai sani ba amma gudu mai tsanani cikin zafi da ƙishirwa yana da haɗari gare shi.

Damina ta sauka sai ka fara mayar da kilomitoci a hankali, ka kwana cikin gidan sauro, in masassara ta kama ka kar ka yi gudu da zazzaɓi a jiki ko kaɗan. Shirin gasa na gaskiya makonni 16 zuwa 18 ne, wato daga Oktoba, dogon gudu yana hawa daga kilomita 16 zuwa 30 ko 32, makonni biyu zuwa uku na ƙarshe kuma a rage. Hanyar Mirya tana da kyau ga wannan tunda kusan kilomita 18 ce daga Damagaram, amma ka fuskanci motoci kana gudu, ka sa riga mai haske, ka kuma samu wani ya biyo ka da babur da ruwa.

Abin da ya same ka a kilomita 32 yana samun kusan kowa. Sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta yakan ƙare wajen kilomita 30 zuwa 35, musamman in an fara da sauri saboda ɗokin taro. Maganinsa ka fara a hankali ka kuma ci wani abu a hanya tun kafin ka ji yunwa, ana so giram 30 zuwa 60 na sukari a kowace awa, dabino biyar ko shida masu taushi sun kai ka wajen giram 30 ɗin. Ka koya wa cikinka haka a dogayen gudunka na nan gida, kar ka gwada sabon abu ranar gasa. Kuma Legas ba Damagaram ba ce, can iska jiƙe take zufa ba ta bushewa, kai kuma daga busasshen sanyi za ka fito, saboda haka makonni biyu na ƙarshe ka yi wasu gajerun gudu da hantsi ko da riga biyu, jiki na ɗaukar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da zafi.

Yanzu awa 4. Awa 4 da minti 50 na nufin kowace kilomita ta ci maka minti 6 da daƙiƙa 52, awa 4 kuwa tana son minti 5 da daƙiƙa 41, sau 42 a jere. Tazarar tana da yawa ga shekara ɗaya ga mai aiki da iyali. Ni da za ka ji tawa ka sa awa 4 da rabi, wato minti 6 da daƙiƙa 24, ka gama da gudu ba da tafiya ba. A Nuwamba ka gwada kanka a kilomita 21, in ka yi ta ƙasa da awa 1 da minti 55 ba tare da ka galabaita ba to sai ka sake rubuto mana mu yi maganar awa 4. Tumbi kuma kar ka yi masa yaƙi da yunwa kana cikin horo, ka rage sukarin shayi da lemon kwalba da soye-soyen dare, ka bar tuwon hatsi da fura da wake da zogale a wurinsu.

TAMBAYA

Malam abokaina da muke gudu tare sun ce in sha tramol kafin dogon gudu ba zan ji gajiya ba, gaskiya ne? Kuma takalmin gwanjo na Kasuwar Dole yana yi?

Wani ɗalibi, daga Karkada

AMSA

Ƙanena ka ji tsoron Allah ka nisanci wannan ƙwaya. Ba ta ƙara ƙarfi, ciwo take rufewa, sai ka ci gaba da taka ƙafar da ta ji rauni ba ka sani ba, tana kawo jiri da amai da farfaɗiya, ga kama mutum ya kasa bari, kuma mun ga abin da ta yi wa samari a unguwanninmu. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ma ta haramta ta lokacin gasa tun daga 1 ga Janairun 2024. Ko maganin ciwon jiki irin su ibuprofen kar ka sha kafin dogon gudu cikin zafi, yana iya taɓa ƙoda in jiki ba ruwa.

Gwanjo yana yi in ka iya zaɓe. Takalmin gudu yakan gaji bayan kilomita 600 zuwa 800, to ka juya ƙasansa ka duba, in gefe ɗaya ya cinye ko ka danna tsakiyar da yatsa ka ji ta mutu ba ta dawowa, ka ajiye. Ka je saye da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka yi gudu da ita, ka bar faɗin babban yatsa tsakanin yatsunka da bakin takalmin.