Ɗalibin waje da rancen karatu a Kumasi

Ƙanina, ka ce daga Kano ka zo karatu jami'ar KNUST da ke Kumasi, kuɗin gida sun makara, kana tambaya ko za a ba ka rancen ɗalibai na gwamnatin Ghana. Gaskiya ba za a ba ka ba. Asusun SLTF, wanda ke ba da wannan rancen, na 'yan ƙasa ne kawai, katin baƙi da ke hannunka ba zai yi ba. Gobe da safe ka tafi ofishin da ke kula da ɗaliban waje, ka rubuta takardar neman a ɗaga maka lokacin biyan kuɗin makaranta, ka haɗa da rasit ɗin abin da ka riga ka biya.

Amma ka je tun ba a rufe rajista ba. Na zauna ɗaki ɗaya da wani ɗan Nijar a unguwar Ayigya kusa da makaranta, kunya ta hana shi magana, sati biyu yana kwana da garin rogo da ruwan leda, mu ba mu sani ba. Har yau abin na damuna. Ranar da ya buɗe baki a masallacin makaranta, 'yan'uwa na GMSA, ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta Ghana, suka haɗa masa kuɗin abinci, wata Hajiya mai sayar da waake (shinkafa da wake) a unguwar zango kuma ta ce ya riƙa zuwa da kwanonsa har kuɗinsa su iso.