Inna tana da tarin fuka: mu daina taɓa ta?

Tambaya: An gano Inna tana da tarin fuka, mun keɓe mata ɗaki. Ba mai taɓa ta, kullum kuka take. Me ya kamata Kirista ya yi?
Wata 'yar'uwa daga Garwa.

Amsa: Sannu da jinya, 'yar'uwa. A Markus 1:41, da kuturu ya roƙi Yesu, miƙa hannu ya yi ya taɓa shi, alhali kalma kaɗai ta isa. Kada ku hana Inna hannunku.

Ta iska tarin fuka ke yaɗuwa, wajen tari da atishawa. Riƙe hannu ko cin abinci a kwano ɗaya ba ya kawo shi. Rufaffen ɗaki ne haɗarin. Ku buɗe tagogi, ko ku shimfiɗa mata tabarma a inuwar darbejiya. Ta sa takunkumi, ke ma ki sa, sannan ki shafa mata man kaɗanya a ƙafa da baya. Dattawan ikilisiya su zo su yi mata addu'a, su shafa mata mai, yadda Yakubu 5:14 ya ce.

Yawanci bayan mako 2 tana shan magani kullum, yaɗuwar tana raguwa sosai, amma sai ta cika wata 6. In ta katse, ƙwayar na iya bijire wa maganin. Yaran gidan 'yan ƙasa da shekara 5 kuwa, a kai su asibiti a duba su.