Amsa: abokinka da ke jinya a gida

Ɗan'uwa, ka ce abokinka ya karye a cinya a hatsarin mota, an sallamo shi, kana neman yadda za ka taimaka. Allah ya ba shi lafiya.

Makon farko ɗaki cike yake da 'yan dubiya, bayan wata guda sai tsit. Lokacin ne yake bukatarka, don karayar cinya kan ɗauki wata 3 zuwa 6. Ka ware masa rana, ko Juma'a bayan masallaci, kada ka fasa.

Idan ba ya iya juyawa, a riƙa juya shi duk awa 2, a duba ƙugu da diddige, nan gyambo ke farawa. Ranar gashin ƙashi kai ka kai shi, mai kula da shi a gida ta samu ta runtsa. In ƙaurinsa ya kumbura yana zafi, ku koma asibiti a ranar, jini kan daskare a jijiya.