Shin Ginin Zamani Siminti Ne Kawai?

Tambaya: Malam, ni ɗan makaranta ne a Tawa. Kullum ina jin ana cewa "ginin zamani". Daga ina wannan salo ya samo asali, kuma shin ginin ƙasa na iyayenmu ba shi da gurbi a cikinsa?

Amsa: Ɗana, salon ya yi ƙarfi ne a Turai a farkon ƙarni na 20, musamman a makarantar Bauhaus da Walter Gropius ya kafa a Jamus a 1919, wadda aka rufe a 1933. Tunaninsu shi ne siffar gini ta biyo amfaninsa, a rage ado, a yi aiki da ƙarfe da gilashi da siminti.

Sai dai a ganina, ainihin darasin shi ne dacewa da bukata, kuma duk wanda ya kwana a ɗakin siminti mai rufin kwano a watan Afrilu ya san inda matsalar take, domin katangar ƙasa mai kauri tana tare zafin rana, sai dare ya yi take sakinsa a hankali. Ba sai ka yi nisa ba: masallacin Yama, ginin ƙasa a jiharku, wanda magini Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, ya sami lambar yabo ta Aga Khan a fannin gine-gine a 1986. A ƙauyen Dandaji kuma, shi ma a jiharku, masu zanen gine-gine Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon ƙasa da aka matse, aka kammala a 2018. Ka je ka gani da idonka.