Abin da ke kashe wasanka idan ka kwafi hoton motsi

Yarona, saƙonka ya iso, na kuma karanta kod ɗin da ka turo. Ka ce wasan da kake rubutawa da C++ yana tafiya lafiya lau idan jarumi ɗaya ne a allo, amma da zarar ka kwafi hoton motsinsa ka raba wa abokan gaba sai manhajar ta mutu, wani lokaci da "Segmentation fault", wani lokaci da "free(): double free detected in tcache 2". Ka ce wurin zane take mutuwa, ka duba layin ka sake dubawa ba ka ga aibinsa ba.

Layin nan ba shi da laifi. A nan ɓarnar ta bayyana, amma tun wajen kwafi aka yi ta.

Buɗe kilas ɗinka na Animation. Kana da `Frame* frames`, fointa zuwa jerin firem, wato hotunan da ke bin juna su ba da motsi, ka karɓi ƙwaƙwalwa da `new Frame[n]` a wurin gini, ka mayar da `delete[]` a wurin rushewa. Sai dai ba ka faɗa wa kwamfaila, manhajar da ke fassara kod zuwa harshen na'ura, yadda za a kwafi abin ba, shi kuwa idan ka yi shiru sai ya rubuta maka nasa, wanda yake kwafe kowane mamba yadda ya same shi. Fointa lamba ce kawai, adireshi, bayit 8 a na'ura mai bit 64. Adireshin aka kwafa, firem ɗin suna nan inda suke. Ya zama fili ɗaya aka sayar wa mutum biyu, kowa da takardarsa a hannu, kowa yana ganin shi ne mai wuri. Wanda ya fara mutuwa cikin abubuwan biyu zai mayar da ƙwaƙwalwar. Na biyun zai ci gaba da karanta wurin da aka riga aka mayar, idan kuma lokacinsa ya yi ya sake mayarwa. Saƙonni biyun da kake gani daga nan suke: na farko karatu ne bayan mayarwa, na biyu mayarwa ce sau biyu.

Za ka ce to me ya sa wani lokaci take aiki? Ƙwaƙwalwar da aka mayar ba gogewa ake yi ba. Ana ajiye ta ne a jira mai nema na gaba, tsofaffin bayanan suna kwance a ciki. A Linux, glibc, mai rabawa da karɓar ƙwaƙwalwa, yana rubuta nasa bayanan a bayit 16 na farkon ƙaramin yankin da aka mayar, saura ya bar shi. Firem ɗinka na farko ke zaune a wurin, kuma mambansa na farko fointa ce zuwa hoto. Shi ya sa sai motsin ya zagayo kan firem na farko sannan zane ya bi gurɓataccen adireshi ya faɗi. Idan ka haɗa da `-O2`, umarnin ƙara wa manhaja sauri, tsarin yana iya sauyawa, mutuwar ta koma wani wuri ko ta ɓuya. Kada ɓuyarta ta ruɗe ka.

Ka kuma ce sau ɗaya kake kwafi. Ya fi haka nesa ba kusa ba. `push_back` yana kwafi. Idan `std::vector` ya cika, yana nemo wuri mafi girma, ya kwashe abin da ke ciki zuwa can, ya rushe tsofaffin. A kwamfailan GCC ninkawa yake yi, 1, 2, 4, 8. Tunda ka rubuta mai rushewa da hannunka, kwamfaila bai samar maka da mai ƙaura ba, wato abin da ke miƙa wa sabon abu ƙwaƙwalwar tsohon ba tare da kwafi ba, don haka kwashewar nan ma kwafi ce da rushewa a bayanta. Ga kuma `for (auto a : motsi)` da ka rubuta babu `&`: kowane zagaye sai ya kwafi abu ya rushe shi.

Kada ka yarda da maganata don ni na faɗa, ka gani da idonka. Sake haɗa manhajar da `-g -fsanitize=address`. Wannan zai kunna AddressSanitizer, mai kama kurakuran ƙwaƙwalwa, wanda yana cikin GCC tun sigar 4.8, yana cikin Clang ma. Zai tsayar da wasan a daidai taɓawar farko da ba ta halatta ba, ya nuna maka wurare uku: inda aka taɓa, inda aka mayar, inda aka karɓo. Yawancin masu koyo na farkon suke karantawa su tsaya. Na tsakiyar ne zai kai ka gaban mai laifi. Idan wata rana kana kan Visual Studio, ka ga fointa ta zama `0xDDDDDDDD` a yanayin gwaji, ka sani wurin an mayar da shi. `0xCDCDCDCD` kuma an karɓo ba a zuba komai ba.

Dabarar da na fi so ta fi wannan sauƙi. Rubuta `Animation(const Animation&) = delete;`, ka yi wa `operator=` haka shi ma, sannan ka haɗa. Kwamfaila zai ƙi, ya nuna maka wuraren da ake kwafi, har waɗanda ba ka san da su ba.

Akwai gyare-gyare biyu da nake roƙonka kada ka kusance su. Cire `delete[]` zai hana mutuwar, amma wasan zai yi ta cin ƙwaƙwalwa ba ya mayarwa. Sanya `frames = nullptr` bayan mayarwa kuma ba ya amfanar ɗayan abin, don tasa fointar daban ce, tana nan riƙe da tsohon adireshi.

Tsohuwar ƙa'ida, wadda Marshall Cline ya tsara a 1991, ita ce duk kilas ɗin da ke buƙatar mai rushewa yana buƙatar mai kwafi da `operator=` nasa. Da C++11 ta kawo ƙaura sai ukun suka zama biyar. Ka koye su, ka rubuta su ko sau ɗaya don hannunka ya san su. Amma a wannan aikin shawarata ka rabu da su: mayar da mamban `std::vector<Frame> frames`, ka share mai rushewar, kwafi zai daidaita da kansa.

Sai dai akwai tarko na biyu a kod ɗinka, wato `Frame* current` da ke nuna firem ɗin da ake kai. Ko bayan gyaran, wannan fointar a cikin kwafin za ta ci gaba da nuna firem ɗin abu na asali. Mayar da ita lamba, `size_t index`. Lamba tana da ma'ana a kowane kwafi.

Abin da ya fi damuna shi ne tsarin kansa. Abokan gaba hamsin masu tafiya iri ɗaya ba su da buƙatar jerin firem hamsin. Raba abin gida biyu. Jerin firem da tsawon lokacin kowanne a loda su sau ɗaya, kada kowa ya taɓa su, a riƙe su da `std::shared_ptr<const AnimationData>` ko a ma'ajiyar da za ta rayu har matakin wasan ya ƙare. Kowane abokin gaba ya riƙe abu biyu kacal, firem na nawa yake da lokacin da ya shuɗe. Hotunan ma haka: `SDL_DestroyTexture` a wuri ɗaya za a kira shi, a cikin ma'ajiyar, ba cikin Frame ba.

Ka fara da AddressSanitizer kafin ka canza ko layi ɗaya. Ka turo mini rahoton, ka nuna mini da kanka layin da ya mayar da ƙwaƙwalwar da abin da ya jawo aka kira shi, sannan mu zauna kan raba kilas ɗin.